LANGA CE AKA JONA WA LANTARKI: TARIHIN GEM ƊIN MOTSA JIKI

Yau alfarma zan roƙa, ku bar ni in ajiye labarin soyayya a gefe mu ɗan taɓa tarihi, domin akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, sai ga shi a Sallar da ta wuce ya sake taso mini. Ina cikin binciken wani tsohon akwati da nake tara rubuce-rubucena na hannu, sai ga wata farar sanda ta roba mai kama da rimot ta faɗo, murfin batirinta ya ɓata, igiyarta ta tsinke. Autan gidanmu yana zaune a kan tabarma, ya kawo mini gaisuwar Sallah shi da maiɗakinsa da 'ya'yansa biyu. Ya ɗauke ta ya jujjuya, ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ashe har yanzu wannan abar tana nan?" Wallahi nan take kunya ta rufe ni kamar jiya abin ya faru. Labarin wannan kunya zan ba ku, amma sai mun faro daga tushe.

BINDIGAR HARBIN AGWAGWA

Ni mutumin Garun Malam ne, ƙasar da ruwan Tiga ya sauya wa rayuwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, mutanenmu suka yi sallama da zaman rani. Da damina shinkafa, da rani tumatir da alkama da albasa da masara. Yaro tun yana ɗan shekara bakwai ya san ban ruwa, ya san korar tsuntsaye, ya san ɗaukar kwando. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Farkon ganina da gem a gidan wani kawuna ne a birnin Kano, wajen 1994. Wata 'yar na'ura ce ta roba da ake jonawa da talabijin, ana soka mata kaset ruwan ɗorawa. A jikin kaset an rubuta wai wasanni dubu tara da wani abu ne a ciki, alhali biyar ne ko shida ake ta maimaitawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne bindigar da ta zo da ita. Agwagi su tashi daga cikin ciyawa, ka auna ka harba, in ka kuskure wani kare ya leƙo yana yi maka dariya. Sai da na girma na gane cewa wannan na'ura kwaikwayo ce. Ta asalin sunanta Famicom, kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan ya fito da ita a 1983, kamfanin da tun 1889 yake sana'ar buga karta. Wasan agwagwar kuma, Duck Hunt, ya fito a 1984.

Mu a lokacin mun ɗauka wani haske bindigar take harbawa. Ashe ba ta harba komai, kallo take yi. Da ka ja kunama, gilashin talabijin zai yi baƙi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan wani farin murabba'i ya bayyana daidai inda agwagwar take. Idan ɗan idon da ke cikin bakin bindigar ya ga wannan fari, to ka samu. Ba mu yi kwana biyu ba muka gano cewa in ka manna bakin bindigar a jikin gilashi ba ka kuskure. Daga ranar babu wanda ya ƙara tsayawa nesa, gwani da ɗan koyo suka zama ɗaya. Sannan da talabijin masu ƙusumbi suka kau aka koma shafaffu, bindigar ta mutu murus, domin sababbin ba sa nuna hoto da irin saurin da take buƙata.

Turawa da Japanawa ba su haƙura ba. A 1989 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da wata safar hannu mai suna Power Glove, wai ka sa a hannu ka riƙa juya yatsu kana sarrafa wasa. An saye ta da ɗoki, amma ka karkata dama ta tafi hagu, wasanni biyu kacal aka yi dominta, ba ta wuce shekara guda ba aka daina ƙera ta. A 1993 kamfanin Sega ya kawo Activator, wani zobe mai kusurwa takwas da ake shimfiɗawa a ƙasa, mutum ya tsaya a tsakiya yana kai naushi da shuri a iska. Shi ma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, mutum ya yi gumi sharkaf yana neman abin da babban yatsa zai yi da dannawa ɗaya. A 2003 Sony ta fito da wata 'yar kamara mai suna EyeToy da ake jonawa da PlayStation 2, ta fi na baya kyau, amma sai ɗaki yana da haske sosai take ganin mutum.

GIDAN GEM DA AUTANMU

Duk waɗannan ba su iso mana ba. Abin da ya iso ƙasarmu shi ne PlayStation, wadda ta fito a Japan a 1994, da ƙanwarta ta 2000, su ma sai da suka sha hannu a ƙasashen waje kafin su sauka a kasuwannin Kano. Da su aka buɗe gidajen gem: shago ɗaya, benci biyu, talabijin, ƙaramin janareto a bakin ƙofa, sai abin riƙewa mai maɓallai wanda yara ke kira fad. Ka biya naira ashirin ku buga ƙwallo, wanda aka ci ya tashi.

Autanmu yana ɗan shekara biyu cutar shan inna ta kama shi, ta shanye masa ƙafafu, ta dama ma gaba ɗaya. A wancan zamani wannan cuta ta yi wa ƙasar Kano illa ba kaɗan ba, sai a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a nahiyar Afirka. Auta ya tashi yana kallon sa'o'insa suna langa a dandali da farin wata, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, shi kuwa yana gefe a kan kekensa na hannu. Ba ya kokawa, ba ya ƙwallo, ba ya zuwa ban ruwa. Abin da ya iya shi ne dara, tun yana ƙarami yake zama kusa da dattawa a gindin darbejiya har ya fara cinye su.

Ranar da aka fara kai shi gidan gem, ranar ya samu dandalinsa. A kan bencin nan babu mai tambayar ƙafa. Yatsu goma ne da ido biyu da kai, kuma duk Allah Ya ba shi. Kafin shekara ta zagayo babu mai tayar da shi daga benci, samari masu gemu suna zuwa daga Chiromawa don su gwada shi, su koma da kunya. Sau da yawa mai shagon ba ya karɓar kuɗinsa, domin shi ke tara masa jama'a. Na taɓa tsayawa a bakin ƙofa ina kallonsa yana yi wa wani ƙato ci huɗu da nema, 'yan kallo suna ihu suna kiran sunansa. Da na koma gida na ba Iya labari sai da ta share hawaye.

ZUWAN FARAR SANDA

A watan Nuwamba na 2006 Nintendo ta fito da Wii, a kan dala 250 a Amurka. Shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, ya lura cewa fad ya cika maɓallai har yana tsorata wanda bai saba ba, don haka suka ƙera abin riƙewa mai kama da rimot, wanda uwa da kaka za su ɗauka ba tare da fargaba ba. In wasan tanis ne ka kai duka da hannu, in dambe ne ka kai naushi. Maganar gaskiya dabarar ta ci, domin an sayar da na'urar fiye da miliyan 100, har gidajen kula da tsofaffi da asibitocin gashin ƙashi sun yi amfani da ita. Ba zan ɓoye wannan alheri ba.

Amma ba a yi wata guda ba ƙorafi ya fara. Mutum ya kai duka da ƙarfi, hannu ya yi gumi, sanda ta suɓuce, siririyar igiyar da ke ɗaure ta a wuyan hannu ta tsinke, sai ji kake tas a gilashin talabijin. Wasu fitila suka fasa, wasu goshin ƙannensu. A watan Disamba na 2006 kamfanin ya sanar zai musanya igiyoyi miliyan 3.2 da masu kauri, a 2007 kuma ya fara raba rigar roba kyauta don a sa wa sandar. A cikin 2007 ɗin ne wani likita ɗan ƙasar Sifen, Julio Bonis, ya rubuta wa mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine cewa ya wayi gari da ciwon kafaɗa bayan ya daɗe yana tanis a na'urar, har ya raɗa wa ciwon suna daga sunanta. Dalili a fili yake: mai tanis na gaske sandarsa tana da nauyi, ƙwallo tana tare dukan, gajiya tana tsayar da shi. Mai dukan iska kuwa babu abin da ke tare hannunsa, sai ya yi ɗari bai sani ba.

Sai kuma matsalar gani. A kan sandar akwai 'yar kamara da ke neman wasu fitilu da ake ɗorawa a saman talabijin, masu irin hasken da idon mutum ba ya gani. To rana ma tana fitar da irin wannan haske, wuta ma haka. In hasken taga ya shigo sai sandar ta rikice, har mutane suka gano cewa in ka kunna kyandir biyu a gaban talabijin za su yi aikin fitilun. Ga cin batir, guda biyu kowace sanda. Babbar matsalar kuma ita ce irin ta bindigar agwagwa. Abin da ke cikin sandar girgiza kawai yake aunawa, bai san bambancin wanda ya miƙe ya kai duka da dukkan jikinsa da wanda ke kwance a kujera yana karkaɗa wuyan hannu ba. Yara suka gano haka, sai ya zama malalaci ne ke cin mai himma. Sai a 2009 kamfanin ya fito da wani ƙarin abu, MotionPlus, da ake maƙalawa a gindin sandar don ta san juyin hannu, wato wani sabon kashe kuɗi a kan abin da aka ɗauka tun farko ta iya.

ABIN DA YA FARU A ƊAKIN IYA

A 2009 na sayar da wani littafina ga 'yan kasuwa, kuɗi suka ɗan shigo hannu. Na ce bari in yi wa Auta abin da zai ji daɗi, tunda shi ne sarkin gem. Ta asalin ta fi ƙarfin aljihuna, sai na sayi wata kwaikwayo marar suna, fara sol, da sanduna biyu da wata tabarmar roba da ake takawa a yi tsere da tsalle. Mai shagon ya rantse mini wannan ce ake yayi a Turai. Araha ba ta ado, amma ɗoki bai bar ni na tuna ba.

Na iso gida bayan la'asar, aka ja janareto, aka jona a ɗakin Iya domin nan talabijin take. Nan fa muka fara gane cewa ba don irin ɗakunanmu aka yi abin ba. Gado mai rumfa ya cinye rabin ɗaki, ga kabad cike da kwanuka da tangaran na jere, ga buhunan shinkafa biyu a lungu. Filin da ya rage bai fi na shimfiɗa sallaya biyu ba. Wani ɗan yayarmu ya kai dukan farko, gwiwar hannunsa ta sami jeren kwanuka, ƙarar sai da ta fito da maƙwabta. Ya kai na biyu, sandar ta tashi ta sami gilashin kabad. Iya ba ta ce uffan ba, ta tattara ƙananan jikokinta ta koma bakin ƙofa. 'Yan matan gidan da na zaci za su yi murna babu wadda ta taɓa, domin wace budurwa ce za ta tsaya gaban yayyenta maza da baƙi tana tsalle tana wurgi da hannu? Da fad ne da sun zauna a gefen gado sun yi abinsu cikin mutunci.

Bayan magariba samarin gidanmu suka dawo daga gona, lokacin kuwa ana tsakiyar yankan shinkafa. Mai karatu, in ba ka taɓa ganin bugun shinkafa ba, dami ake ɗagawa sama da hannu biyu a maka a jikin ganga, tun safe har rana ta yi sanyi. Na miƙa wa ɗaya daga cikinsu sanda na ce ya gwada tanis. Ya kai duka uku, ya ajiye, ya ce, "Yaya, wannan ai bugun shinkafa ne babu kuɗin aiki." Kowa ya fashe da dariya, amma gaskiya ya faɗa. Waɗanda suka ƙirƙiro abin sun yi shi ne don mutanen da ke wuni a kujerar ofis, jikinsu yana neman motsi. Namu jikin kuwa, wanda ya wuni a cikin taɓo ko ya yi dakon kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, wurin zama yake nema.

Duk wannan mai sauƙi ne. Auta na zaune a ƙasa inda ya saba zama. Na ba shi sanda, ya kaɗa, na'urar ba ta gan shi ba, domin ya yi ƙasa da yawa. Muka ɗora shi a kujera, ta riƙa ganinsa tana ɓatar da shi. Kafin mu gama gyara, yara sun gano wasan tseren tabarma, wanda sai ka taka da ƙafa biyu da sauri, suka yi caa a kansa suna layi. Ban san lokacin da Auta ya ja jiki ya koma bakin ƙofa kusa da Iya ba. Da na waiga sai na gan shi yana ƙirga wa yara maki, wane ya ci wane, daidai yadda yake yi a dandali in ana langa. Yaron da samari ke zuwa daga wani gari don su gwada shi, ni da kuɗina na mayar da shi ɗan kallo a ɗakin uwarsa.

Na matsa kusa na ce, "Auta, yaya ka ga abin?" Ya ce, "Yana da kyau, Yaya, Allah Ya saka da alheri." Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Amma ai langa ce aka jona wa lantarki." Bai ƙara ko kalma ba. Da aka yi isha'i ya hau kekensa ya tafi gidan gem. Na'urar ba ta yi wata biyu ba tabarmar ta yage, babu kuma wanda ya ce a gyara.

YADDA TA ƘARE A CAN

Na daɗe ina zaton mu ne ba mu waye ba, sai daga baya na ga cewa can ma inda aka ƙera abin haka ta kasance. Sony ta sa aunin karkata a fad ɗin PlayStation 3, aka yi wani wasa mai suna Lair a 2007 wanda dole sai ka karkata fad kake tuƙa wani dodo mai fukafukai. Jama'a suka yi ta tsaki, sai da aka dawo musu da tuƙin yatsa a 2008. A 2010 Sony ta kawo Move, Microsoft kuma ta kawo Kinect, kamarar da ba ka riƙe komai, jikinka kawai take karantawa. An sayi Kinect miliyan 8 cikin kwana 60, har ta shiga kundin Guinness. Amma tana neman fili kusan mita biyu tsakaninka da talabijin, tana jinkiri tsakanin motsinka da abin da zai bayyana, kuma a farkon fitowarta ta fi gane mutumin da ke tsaye. A 2013 Microsoft ta haɗa ta dole da Xbox One a kan dala 499, alhali PlayStation 4 tana dala 399. Kasuwa ta juya mata baya, a 2014 suka raba su, a 2017 aka daina ƙera ta.

Hatta maganar motsa jiki da ake tallata abin da ita ba ta tsaya da ƙafarta ba. A 2012 mujallar Pediatrics ta buga wani bincike da aka yi a birnin Houston na Amurka, inda aka ba wasu yara wasannin motsi, wasu kuma na zaune, aka bi su makonni ana auna motsinsu. Ba a ga waɗanda aka ba na motsi sun fi sauran motsa jiki ba. Nintendo da kanta, wasan Zelda da ta fitar a 2011 wanda dole sai ka kaɗa sanda kake sara da takobi, da ta sake fitar da shi a 2021 sai ta ƙara masa hanyar bugawa da maɓalli. Aunin motsi bai ɓace ba, yana cikin Switch da ta fito a 2017, yana cikin wayoyin da ke aljihunmu, amma ya koma ɗan rakiya, mai so ya kunna, wanda ba ya so ya kashe. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne a 2018 Microsoft ta fito da wani fad na musamman don naƙasassu, mai manyan maɓallai da ramukan jona wasu, mutum ya danna da gwiwar hannu ko haɓa ko duk gaɓar da Allah Ya bar masa. Wannan shi ne tunanin da ya kamata a fara da shi.

Kakanninmu sun daɗe da raba wasa gida biyu. Akwai na dandali, langa da kokawa da dambe, na masu jini a jika. Akwai na gindin bishiya, irin dara, wanda tsoho da gurgu da wanda ya dawo daga gona a gajiye duk za su zauna su gwada basira. Fad mai maɓalli ɗan gidan dara ne, shi ya sa ya karɓi Auta. Kuskuren da masu ƙera na'urorin nan suka yi, ni ma na taya su da kuɗina, shi ne ɗauko wasan dandali a cusa shi a ɗaki, a ce kowa sai ya miƙe tsaye.

Shawarata ga iyaye da yayye, kafin ka sayo wa yara irin wannan abu, ka dubi faɗin ɗakinka, ka dubi aikin da suke wuni suna yi, sannan ka ƙirga 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya ka ga wa zai koma bakin ƙofa. Ni ban yi wannan lissafi ba sai da aikin gama ya gama.

Auta yanzu gyaran waya yake yi, yatsun nan dai su ke ci da shi da iyalinsa. Ranar Sallar na ce masa zan jefar da sandar, ya ce a'a, in ba shi, ɗansa zai yi wasan mota da ita. Na ba shi, na kuma nemi gafararsa a kan abin da ya wuce shekaru da yawa. Ya ce shi bai riƙe ni da komai ba. Allah Ya bar zumunci, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.